Injin Ƙanƙara a Garken Ka'akiyya

Tun da na dawo daga Umra abokai suke tambayata yaya Makka take. Nakan ce alhamdu lillahi, in miƙa dabino da zamzam, in yi shiru. Wasu sun ɗauka girman kai ne. Ba shi ba ne. Labarin ne ba ya faɗuwa a tsaye a bakin shago, ni kuma in ban rubuta abu ba nakan yi ta fargabar na rage wani wuri ko na ƙara. Ga shi nan a rubuce, gwargwadon abin da na iya tunawa.

Ba da ƙarfina na je ba. Shekara biyu ke nan da na gama karatun injiniyan kayan noma, ban sami aiki ba. Maƙwabcinmu a Funtuwa, Alhaji Garba, ƙafafu sun gaza, 'ya'yansa suna neman wanda zai riƙa tura shi a keke. Aka ce ai Nasiru ba ya mantuwa, kuma ba ya yawo. Haka kujera ta same ni.

Ana gobe za mu tashi Inna ta kira ni ɗaki, ta ba ni ƙullin daddawa da kuka da yaji, ta ce in kai wa yayanta, Kawu Sale. Kawu ya tafi aikin Hajji ina shekara huɗu, bai dawo ba, kuma ba shi da takardar zama. Tun muna yara mun san dalilinsa: so yake ya mutu a Makka, a yi masa salla a Harami, a binne shi a can. Mun kuma san duk ranar da ya shiga hannun hukuma maido shi za a yi, kuma da wuya ya sake komawa. Inna ta ce, "Ka gan shi da idonka, ka zo ka faɗa mini gaskiya. Amma kada ka ja masa wata fitina."

Ta Malumfashi da Gwarzo muka bi zuwa Kano. Duk ramin da mota ta faɗa sai na zuge jaka na taɓa fasfo biyun. Wajen Dayi Alhaji ya ce, "Nasiru, in ka ƙara buɗe jakar nan fasfon da kansa zai gaji ya gudu."

A filin jirgi ma'aikacin da ke duba kaya ya ɗaga ƙullin Inna, ya kau da fuska. Na fara yi masa bayanin yadda ake yin daddawa, ya ce, "Malam, ni ma a gida aka haife ni. Ƙara mata leda ka wuce." A nan muka ɗaura harami, don a sama za mu wuce miƙati. Ban taɓa sanin cewa zane biyu suna iya hana mutum sukuni haka ba. Tun daga Kano har Jidda hannuna ɗaya yana kan ɗamara.

A Jidda na'ura ta ƙi karɓar yatsuna saboda gumi. Na goge a harami, na sake ɗorawa, ta ƙi. Jami'in, saurayi ne sa'ana, ya miƙo mini kwalin tishu. Sai a karo na huɗu ta karɓa. Alhaji, wanda yatsunsa suka wuce bugu ɗaya, yana daga keke yana cewa, "Ku yi haƙuri da shi, ɗan boko ne."

Masaukinmu a Aziziyya yake, hawa na shida, mu huɗu a ɗaki, bas ce take kai mu Harami. Ba zan iya kwatanta ganin Ka'aba ba, kuma ba zan gwada ba. Na rubuto addu'o'i shafi biyu daga gida, ko ɗaya ban tuna ba. Na dai ji kafaɗun Alhaji suna rawa ta hannun keken, na gane kuka yake yi.

Abinci kuwa, da safe gurasa ce mai faɗin faifai da daƙaƙƙen wake, da rana shinkafa da kaza a kan tire, babu miya. Alhaji yakan juya shinkafar ya ce mutanen nan Allah Ya ba su komai Ya hana su kuka. Gaisuwarsu ma gajera ce. A gida sai ka tambayi gajiya da iyali da sanyi, har da akuyar da ta haihu, kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. A can kalma biyu ce. Na gwada gaisuwar gida ga mai shagon ƙasan beninmu, ya ɗauka wani kaya nake nema da babu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jana'iza. Kusan kowace salla, da an sallame sai a yi shelar salla ga mamata. A gida sai an aiko maka, ka san gidan, ka san dangi. A can ba wanda ya san sunan mamacin, amma jama'ar da ido ba ya iya ƙure ta za ta miƙe ta yi masa kabbara huɗu. A wannan tsayuwar ce, ina jin, na fara fahimtar Kawu.

Rana ta biyar, bayan mun kammala Umra, Alhaji ya ba ni izinin fita daga azahar zuwa magariba. Kawu bai zo da kansa ba, don yana guje wa hanyoyin da ake tare mutane a nemi iƙama, wato takardar zama. Sai ya aiko wani mutum da a-kori-kura, Abdul'aziz, mai garken tumakin da yake yi wa aiki. Haifaffen Makka ne, kakansa daga Sakkwato ya zo a ƙasa. Hausarsa rabi ce, sauran Larabci. Ya ce, "Kai ne muhandis, injiniyan nan? Kawunka kullum Nasiru, Nasiru. Yalla, shiga."

Unguwar Ka'akiyya, inda garken yake, tana gefen gari, gidajen sun fi araha, tumaki sun fi yawa. Na sami Kawu a bakin garke, siriri, gemu fari fat, idanunsa irin na Inna. Ya riƙe fuskata da hannu biyu ya daɗe. Sannan ya kwance ƙullin ya shinshina daddawar, ya juya baya kamar yana neman wani abu a bango. Da ya juyo sai ya ce, "To, Injiniya, zo ka ci kuɗin makarantarka. Wata uku ina jiran mai karanta mini wannan."

A ƙarƙashin rumfa ga wani jan inji mai taya biyu, tsawonsa ya kai ƙuguna. Abdul'aziz ya saye shi a kasuwar gwanjo ta Jidda, yana zaton na huɗa ne. Da na karanta rubutun jikinsa sai na yi dariya, ita ce dariyar ƙarshe da na yi a wurin. Na ce injin kwashe dusar ƙanƙara ne, na ƙasashen da sanyi ke toshe wa mutum ƙofar gida.

Kawu ya ce, "Ƙanƙara? A Makka? Lallai shi ma takari ne, ya zo ya rasa hanyar komawa."

Shi dai Kawu ya riga ya samo masa aiki. Busasshen takin tumaki yake kwashewa da shi, aikin kwana biyu da shebur ya koma na hantsi ɗaya. Muka bi shi gaɓa gaɓa, ina karantawa yana gyaɗa kai. Ga tankin fetur da ɗan famfonsa. Ga cok, ga wani ɗan jan roba da ake dannawa ya tura mai cikin kafireto kafin a ja igiya. Na ce a zafin Makka wataƙila ba ya buƙatarsu sosai. Ya ce ai shi tuni injin ya faɗa masa. Ga ma'aunin wuta, da hoton zomo a sama da kunkuru a ƙasa. Ga giya, gaba da baya. Irin waɗannan injina ba a sa musu matatar iska, don babu ƙura a ƙanƙara, sai na tarar Kawu ya riga ya ɗaura masa ta tsohon janareto. Na ji kunya ƙwarai. Abin da na karanta a littafi shi da kunne ya gano shi.

A gaba akwai baki mai faɗi, cikinsa wasu wuƙaƙe masu murɗi suna tattaro kaya zuwa tsakiya. Bayansu akwai fanka ta ƙarfe, ita ce take cilla kayan sama ta cikin bututu. A hannun tuƙi kuma liba biyu ce, ɗaya ta taya, ɗaya ta wuƙaƙe da fanka. An yi su ne yadda in ka saki, komai zai tsaya.

A nan na ga abu biyu masu haɗari. Kawu ya ɗaure libar fanka da robar tsohon tayar keke, kamar yadda muke ɗaure komai a gida, don ya sami hannun tura taki da shebur. Na biyu, ƙusoshin da suke riƙe wuƙaƙen. Na asali masu laushi ne, da gangan aka yi su haka, don in dutse ya shiga su karye, ƙarfin ya tsaya a nan. Kawu ya cire su ya sa na mota, baƙaƙe, waɗanda ba sa karyewa.

Ya ce, cikin alfahari, "Kullum sai sun karye. Na ce masu injin nan ha'inci suka yi. Tun da na sa waɗannan, halas, shi ke nan."

Na san abin da ya kamata in ce. In dutse ya maƙale, ƙusa ta ƙi karyewa, liba kuma tana ɗaure, bel ɗin da ke juya fankar yana nan a miƙe, to ko an kashe injin fankar tana ɗane kamar baka. Duk wanda ya cire abin da ya tokare ta, za ta zabura. Har hoton hannu da yankakkun yatsu akwai a jikin bututun, rana ta kusa cinye shi. Amma kawuna ne, yau na fara ganinsa da wayona, ga Abdul'aziz tsaye yana yaba masa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kawu, mai yiwuwa zai ɗan fi kyau a kwance robar nan. Ƙusoshin ma, ina ganin kamar akwai dalilin da ya sa aka yi su haka. In ya toshe kuma, wataƙila sanda ta fi sa hannu."

Ya ce, "Mai yiwuwa, kamar, wataƙila. Abin da aka koya muku ke nan shekara biyar?" Muka tafi cin tuwo. Shi da kansa ya kaɗa miyar kuka, ya ci har yana gumi, yana tambayata mutanen da rabinsu sun rasu.

Washegari na koma da niyyar in faɗa masa sosai. Har na rubuta maganar a takarda. Na tarar yana aiki a gefen kwamin ruwa, inda takin yake da danshi. Na tsaya jira ya gama layin, don ban so in katse shi. Injin ya yi wani gurnani, bututu ya toshe. Kawu ya kashe shi, kamar yadda mai hankali zai yi. Ya ɗaga mini hannu yana murmushi, sannan ya zura hannun dama cikin bututun.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an rufe ƙofar ƙarfe ne.

Ba zan kwatanta hannun ba. Yatsu biyu ne, na tsakiya da mai bi masa, ga taki har cikin ƙashi. Na ce asibiti. Kawu yana zaune a ƙasa, ya naɗe hannun da rawaninsa, ya ce, "Mustashfa? Su nemi iƙama in ba su me? Shekara ashirin da uku ban taka ba." Abdul'aziz, wanda shi ma zai shiga matsala in aka san ya ɗauki marar takarda aiki, ya ce akwai wani mutum a unguwa da yake ɗinki a gida, kowa wurinsa yake zuwa. Na ce ban tabbata hakan zai isa ba. Ba wanda ya ji ni, kuma ban ga laifinsu ba.

Mutumin ya wanke, ya ɗinke, ya ba da ƙwayoyi. Rana ta biyu hannun ya kumbura zuwa wuyan hannu. Rana ta uku na tarar da Kawu kwance a ɗakinsa na bayan garke, jiki kamar garwashi, yatsun sun yi baƙi, wani jan layi ya hau har gwiwar hannu. Ɗakin yana wari. Ni ba likita ba ne, amma wannan kowa ya gan shi ya san me ke nan.

Na ce, "Kawu, abin nan ya shiga jini."

Ya ce, "Na sani." Muryarsa a kwance take. "Ɗan nan, me na zo yi garin nan? Ka zauna kusa da ni. In ta zo, Abdul'aziz ya san yadda za a yi a kai ni Harami. Ka ce wa Innarka na samu."

Na fita na zauna a kan bokiti. Inna ta ce kada in ja masa fitina. Shi kansa ya faɗi abin da yake so, da hankalinsa. Na kira Alhaji Garba a waya, ina fatan ya yanke mini. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Neman magani ba ya hana ajali, barinsa ma ba ya sayen kabari. Amma kai ne a wurin, Nasiru. Ni ba zan ɗauke maka ba."

Na koma ciki. Na ce, "Kawu, zan kira motar asibiti."

"Ban yarda ba."

"Na ji. Zan kira."

Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Ya ce, "Kai, ni yayan uwarka ne." Abdul'aziz yana bakin ƙofa ya ce, "Ya muhandis, ka san abin da zai biyo?" Na ce na sani. Na miƙa masa wayar, don Larabcina ba zai kai ba. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "La haula," ya karɓa ya yi magana.

A asibiti ba wanda ya tsaya neman takarda kafin a taɓa shi, wannan dole in faɗa. An cire yatsun biyu, an tsare sauran hannun. Likitan ya ce da mun ƙara kwana, maganar ba ta hannu ba ce kuma. Da zazzaɓi ya sauka aka zo da tambayar da kowa ya san za a zo da ita. Kawu bai yi ƙarya ba. Da ya sami sauƙi aka wuce da shi gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, tarhil suke ce masa.

Kafin nan na je dubiya sau uku, sau ukun yana juya fuska bango. Ranar ƙarshe na tura Alhaji muka yi ɗawafin bankwana. Aka yi shelar jana'iza bayan la'asar, na tsaya a sahu, na kasa ɗaga kai.

Abdul'aziz ne ya kai mu tashar mota. Ya ce ya kwance robar, ya cire ƙusoshin, ya rufe injin da buhu. Ban tambaye shi abin da ya same shi da hukuma ba, shi ma bai faɗa ba.

Da na iso gida na faɗa wa Inna komai, har da ranar da na yi ta kewaye-kewaye. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma gode mini ba. Ta dai sa aka share ɗakin zaure, aka yi masa sabon daɓe.

Sati shida bayan nan na je Kano na tarbi Kawu. Leda ɗaya ce a hannunsa na hagu. Har muka iso Funtuwa bai yi magana ba, sai a Bakori da ya tambayi inda aka kai wata tsamiya da ya sani a bakin hanya. Mutane suka yi ta zuwa barka da zuwa, wasu suna cewa Allah Ya yi, ya dawo cikin dangi. Yana amsawa da amin.

Kwana uku na kasa shiga wurinsa ni kaɗai. Rana ta huɗu na same shi a ƙofar zaure, yana fama da buta da hannu ɗaya. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya dube ni. "Wanne? Ranar da ka ƙi magana, ko ranar da ka yi?"

Na ce ban sani ba, ina jin duka.

Ya ce, "Ta farkon tun a can na yafe. Ni na ɗaure robar, ba kai ba." Ya kalli hannun. "Ta biyun ce nake roƙon Allah Ya ba ni iko. Ban samu ba tukuna. Kada in yi maka ƙarya."

Aka kira sallar la'asar a masallacin unguwa. Ya turo mini butar da ƙafa, ya miƙo hannayen duka biyu.

Ya ce, "Zuba."